Littafi Biyu a Bakin Ƙofa

Jela,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka da yaran. Mu nan da sauƙi. Yayarka, uwargidana, ƙafar ce dai ke damunta, ni kuma ciwon sugan yana nan inda ka san shi, bai tafi ba, bai kuma kashe ni ba. Na san yanzu ba mai kiranka Jela, sai Yallaɓai. Ka yi haƙuri da ni. Tun ranar da kakarka ta kawo ka gidan kakata don ka yi makaranta, kana bina duk inda na sa ƙafa, bakina ya saba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada ka tambayi abin da ya hana ni kiranka a waya. Sau uku na kira, sau uku ka ce kana cikin taro. Takarda ba ruwanta da taro. Direban da ke kai kayanmu babban birni ya ce ya san layinku, shi zai miƙa maka wannan.

An buɗe masana'anta ranar Litinin, bayan wata biyu a rufe. Sun ce sabulu na cikin kayan da ba a rayuwa sai da su a wannan annoba. Gaskiya ne. Sai dai famfon bakin ɗakin naɗin sabulu ya shekara ba ya kawo ruwa, saboda haka mu da ke yi wa duniya sabulu a bokiti ɗaya muke wanke hannu, mu ɗari da tamanin. Takunkumin fuska ɗaya aka ba kowa, na mako guda. A ɗakin naɗi mata arba'in ne kafaɗa da kafaɗa, tagogin kuwa tun bara aka yi musu walda, wai ana jefa sabulu waje.

Ni kuma an ƙara mini girma. Shekara ashirin da huɗu da wata biyar ina akawun rajista, ina rubuta shigar mutane da fitarsu. Yanzu Manaja ya danƙa mini na'urar gwada zafin jiki, wadda ma'aikata ke kira bindiga. Na tsaya a bakin ƙofa, na auna goshin kowa, na rubuta lambarsa a gefen sunansa. Da zai ba ni ya ce, "Akawu, kai ne mai ilimi a cikinsu." Ka ga amfanin zuwa na ɗaya shekara goma sha ɗaya a jere.

Duk wanda zafinsa ya kai talatin da takwas, gida zai koma ya yi mako biyu. A kwana biyar na mayar da mutum bakwai. Jiya aka gaya musu ba aiki, ba biya. Ɗaya daga cikinsu mai naɗi ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Ta dubi bindigar ta ce, "Akawu, da ta gaske ka ɗauko da mun huta." Ni a ganina, wanda aka mayar gida don ya tsare lafiyar wasu, aiki ya tafi yi, ba hutu ba. Amma wa ya tambaye ni?

Yayarka ta nuna mini hoton da maiɗakinka ta turo mata. Kai ne zaune a tebur, ga kwamfuta, ga kofin shayi, ga fure a bayanka, ƙafarka cikin silifa. Ta ce, "Ka ga ƙanenka yana aiki daga gida." Na ce mata wannan ba aiki ba ne, jinya ce mai albashi.

An ce ofishinku ne ya rubuta ƙa'idojin komawa aiki. To tambaya biyu gare ni. A cikin abin da kuka rubuta a kan wannan tebur, me kuka ce game da albashin wanda aka mayar gida? Na biyu, likita ya ce masu irin ciwona su guji cunkoso. Manaja ya ce in na zauna a gida, ni na ajiye aikin da kaina. Wata bakwai ya rage mini in cika ashirin da biyar, in karɓi sallamata da fanshona. Abin da na tara ke nan a duniya.

Ba roƙo nake yi ba, tambaya ce.

Yayanka, wanda ya koya maka riƙon alƙalami.

*

Yaya,

Na karɓi takardarka da hannu biyu. Muna lafiya, yara suna gaishe ku. A gaida uwargida da ƙafa, Allah ya ƙara sauƙi. Tun kafin in buɗe na gane rubutun. Na nuna wa babban ɗana na ce ya ga yadda mutane ke rubutu, ba wannan tafiyar kaza da yake yi ba. Sunan Jela kuwa ka ci gaba, ba wanda ya rage da ya san shi sai kai. Furen da ka gani na roba ne, teburin kuma na cin abinci ne, ƙarfe ɗaya na yi ake korata daga kansa.

Ga amsa. Abin da Manajanku ya yi bai da tushe. Sashe na tara ya ce duk wanda aka killace bisa umarnin wurin aiki, albashinsa yana tafiya. Masu kamfani da yawa sun manna shafin farko a bango, mai maganar wanke hannu, sun sa sauran a durowa. Ka turo mini sunayen mutum bakwai ɗin da ranakun da aka mayar da su.

Maganarka kuma, Yaya, mutum irinka bai kamata a ce yana tsaye a bakin ƙofa ba. Ka je wurin likita ya rubuta maka takarda, ka kai ofis, ka sa su buga maka hatimi a kan kwafi. Ba su da ikon cewa ka ajiye aiki. Ka zauna a gida ka huta, sauran ka bar mini.

Na ba Direba kwalin takunkumi, guda ɗari. Ka sa sabo kullum.

Ƙanenka, Jela.

*

Jela,

Ina gaisuwa. Muna lafiya gwargwado. Mako uku ke nan da zuwan takardarka. Ban amsa ba don ina jiran zuciyata ta sauka, da na ga ba ta da niyya sai na ɗauki biro.

Mutum irina. Na karanta layin nan ya fi sau goma. Wane iri ne ni, Yallaɓai? Irin da ake jin kunyar a ce ɗan'uwan babban jami'i ne? Na san bakin ƙofa ba wurin mutanen kirki ba ne a wurinku. Amma ka tuna shekarar da mahaifina ya rasu. Takardar shiga jami'a biyu ce ta zo gidan nan, tawa da taka, kuma ka san ta wa ce ta fi maki. Wani ya tafi, wani ya nemi aiki don a ci gaba da ɗora tukunya. Ba gori nake yi ba, ni na ce ka tafi. Sai dai in mutum ya hau bishiya, kada ya leƙo ya tambayi tsani me yake yi a ƙasa.

Ka zauna a gida ka huta, in ji ka. Kai da ba ka taɓa ganin yadda ake rage ma'aikata ba. Takardar likita a nan sunanta takardar sallama. Ka kai yau, a buga maka hatimi, a yi maka murmushi, wata mai zuwa sunanka ne na farko a jerin waɗanda injin ba ya buƙata. Takunkumin na raba wa matan ɗakin naɗi. Sun gode.

Bari in ba ka labarin sashe na tara. Na rubuta shi da hannuna na kai wa Manaja. Ya karanta, ya ce, "Wa ya ba ka wannan?" Na ce na ji ne. Ya ce, "To ka ji wannan ma. Layin aiki biyu sun tsaya saboda bindigarka. Ka gyara ta." Na ce lafiyarta ƙalau. Ya ce, "Akawu, ba bindigar nake nufi ba." Bai rubuta ba. Shi ba ya rubuta komai, shi ya sa ya zama Manaja.

Ma'aikata ma sun riga shi. Tun da suka ga abin da ya sami mutum bakwai, kowa ya nemi dabara. Wasu su sha maganin zazzaɓi a hanya. Wasu su sayi ruwan sanyi wajen mai shagon tsallaken titi, su ɗora a goshi har layi ya zo kansu. Jiya na auna wani bindiga ta nuna talatin da biyu. Na ce, "Kai ai gawa ne, wa ya ba ka izinin tafiya?" Layin duka aka yi dariya. Mai Tukunya, abokina da ke kula da tukunyar dafa sabulu, wanda muke cin abincin rana a benci ɗaya shekara goma sha tara, ya ce mini, "Akawu, ciwon nan wataƙila ne, yunwa kuwa tabbas ce. Ka rubuta mana lamba mai kyau."

To na fara. Duk wanda ya zo da zafi, in dube shi, ya dube ni, in rubuta talatin da shida da rabi. Babban rajista yanzu ya fi asibiti lafiya.

Amma ka san halina. Malaminmu na lissafi ya lalata ni tun ina yaro, ba na iya rubuta lambar ƙarya in bar ta haka. Dama tun ranar da aka ba ni bindiga na sayi ƙaramin littafi mai baƙin bango, yana aljihun rigata. Duk lambar da bindiga ta nuna ta gaskiya, a ciki take da fensir, shafi ɗaya rana ɗaya. Maganar Manaja ma na sa, da rana da ƙarfe. Ba don kowa nake yi ba. Don kawai a ce akwai wuri ɗaya a masana'antar nan da lissafi ya fita daidai.

Ka sa wannan a sashe na goma.

Yayanka.

*

Yaya,

Da fatan wannan ta same ku lafiya. Na yi ta kiran wayarka a kashe, ta uwargida kuma ba a ɗauka.

Wallahi ba abin da nake nufi ke nan ba. Irinka, wato mai ciwon suga, mai shekara hamsin da tara. Ni in ji kunyarka? Sauran maganar kuwa gaskiya ka faɗa, kuma ban taɓa mantawa ba.

Amma ka saurare ni. Ka daina rubuta lambar ƙarya daga yau. Ranar da ciwon ya ɓulla a wurinku, ba maganar Manaja za a nema ba, rajista za a buɗe, kuma rubutun waye a ciki? Ƙaramin littafin nan shi ne kaɗai abin da zai tsaya maka. Ka ba Direba ya kawo mini, kada ka bar shi ya kwana a masana'anta. Ni ba zan sa hannu a binciken ba tunda jini ɗaya muke, amma zan miƙa wa sifeton da na yarda da shi.

Don Allah kada ka yi fushi da ni har ka yi wa kanka.

Jela.

*

Jela,

Muna raye. Yayarka tana gaishe ka, ita ce ma ta ajiye takarda da biro a gabana ta tsaya a kaina.

Wasiƙarka ta yi kwana goma sha shida a aljihun mota. An tsare Direba a shingen hanya, zafinsa ya hau, aka killace shi. Ashe akwai masu bindigar da ba su iya gyara ta ba. Kafin ta iso, abin da ka hango ya riga ta zuwa. Kullum kai ne mai gaskiya, ko daga nesa.

Mai Tukunya ya faɗi a gaban tukunya ranar Talata ta makon jiya. Yana asibiti, an sa masa robar iska a hanci, ba a barin kowa ya shiga. Matarsa tana wuni a gindin bishiyar harabar da kwanon abincin da ba mai karɓa. Bayansa an gwada mutum talatin, goma sha ɗaya suna da ciwon, takwas daga ɗakin naɗi. An rufe masana'anta. Ranar da za a rufe aka kawo mai walda ya buɗe tagogi, aka gyara famfo cikin awa biyu. Ashe wata 'yar roba ce ta lalace.

Manaja ya zo da kansa ya ɗauke babban rajista daga teburina. Washegari aka aiko mini da takardar tuhuma. An ce na rubuta bayanan ƙarya ba da sanin hukumar kamfani ba, na jefa rayukan ma'aikata cikin haɗari, in ba da dalili cikin kwana bakwai da zai hana a kore ni ba tare da ko sisi ba. Takardar ta tsaru, ba kuskure ko ɗaya. Na tabbata wani mai aiki daga gida ne ya rubuta.

Na je ofishinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce in gyara." Ya ce, "Na ce ka gyara na'ura. Ina ka ga na rubuta wani abu?" Yana magana yana shafa man kashe ƙwayar cuta a hannu, kamar ni ne cutar.

Yanzu maganar littafi. Kwana biyu ina juya ta. Na san yadda za ta kasance. Sifetonka zai zo, a yi rahoto, a kai sama, a ce ofishin Yallaɓai ya bankaɗo ɓarna. Wataƙila a ƙara maka kujera, a saya maka furen gaske. Ni na tsaya a rana, ni na shaƙi numfashin mutum ɗari da tamanin kowace safiya, ni na yi lissafin, kai ka ci jarrabawar. Ba yau aka fara ba. Ka tuna wanda ya yi maka aikin gida shekara uku.

Na faɗa wa yayarka haka. Ta ce, "Malam, ƙyashin nan naka zai biya mana kuɗin haya?" Shekara talatin da biyu muna tare, ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba sai ranar.

Ga littafin nan a cikin ambulan, na naɗe shi da leda. Sunayen mutum bakwai na farko suna shafin baya. Ka yi abin da ka ga dama. In fanshon ya tafi, ka sani ba rashin ilimi ne ya tafi da shi ba.

Yayanka.

*

Yaya,

Littafi ya iso. Allah ya ba Mai Tukunya lafiya, da sauran. Na aika wa kamfaninku takarda cewa a dakatar da tuhumar har sifeto ya gama bincike, saboda haka kwana bakwai ɗin ba sa gudu.

Sifeto ya wuni a kansa. Ya ce a shekara ashirin bai taɓa ganin shaida mai tsabta irin wannan ba. Ya ce wane ne wannan mutum, na ce yayana ne, shi ya koya mini karatu.

Sai dai akwai matsala, kuma shi ya gano, ba ni ba. Kowace rana tana da shafinta, amma daga Talata ta mako na biyu sai Alhamis. Laraba babu. An yanke ta da reza, a hankali, dab da ɗinki. Lauyan kamfani zai gani kamar yadda muka gani. Zai ce wanda ya cire shafi ɗaya zai iya ƙirƙirar sauran, har da maganar Manaja. In littafin ya faɗi, kai ka faɗi, mutum bakwai ɗin nan ma ba za su ga albashinsu ba.

Na duba kwanan wata. Ranar Talatar nan ce Direba ya kawo maka wasiƙata ta farko.

Ban tambaye ka me ke ciki ba. Na san dai ba ka zubar da takarda.

Jela.

*

Jela,

Lafiya lau muke. An ce Mai Tukunya ya fara shan ruwa da kansa.

Ban zubar ba. Yana cikin tsohon kundin sakamakon jarrabawata, inda ba mai dubawa.

Kowace safiya kafin in auna kowa, kaina nake fara aunawa. Sunana ne layin farko a kowane shafi, ka gani. Ranar Larabar nan na tashi jikina kamar an yi mini duka. Na ɗora bindiga a goshina, ta nuna talatin da takwas da ɗigo biyu. Na sake, ta maimaita. A babban rajista na rubuta talatin da shida da rabi. Ita ce lambar ƙarya ta farko da na taɓa rubutawa a wurin nan. Ba ta Mai Tukunya ba ce, ba ta matan naɗi ba ce, tawa ce. Manaja bai ce in gyara komai ba sai ranar Juma'a.

Zan iya ce maka tsoron fansho ne, kuma akwai shi. Amma tunda lissafi muke yi, bari ya fita daidai. Takardarka tana aljihuna ranar. Ka zauna a gida ka huta, sauran ka bar mini. Na tsaya da bindiga a hannu na ce wallahi ba zan koma gida in zauna a kan maganar yaron da na koya wa riƙon alƙalami ba. Ba zan bari a ce Jela ya faɗa, kuma ta tabbata ba. Sai na buɗe ƙofa, na auna mutum ɗari da saba'in da biyu, kowanne tazarar hannu ɗaya da fuskata. Da rana na zauna a benci da Mai Tukunya, muka sha shayi a murfin fulas ɗaya kamar kullum.

Kwana biyu zazzaɓin ya sauka. Ban je gwaji ba. Ko ciwon ne, ko sauro ne, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Da aka gwada ni daga baya ba a ga komai ba. Na yi ta lissafin kwanakin da ke tsakanin ranar da faɗuwarsa, wani lokaci su wanke ni, wani lokaci su kama ni.

Na san abin da shafin nan zai yi mini. Yayarka ma ta sani, na karanta mata. Ta ce, "Sa shi a ambulan kafin in canza ra'ayi."

Ga shi nan. Kai ba ka taɓa yin zazzaɓin da ya ci maka ko kwana ɗaya na albashi ba, saboda haka kada ka yi mini wa'azi.

Yayanka.

*

Yaya,

Ba wa'azi. Kwamitin bincike ya zauna jiya, ni ina waje a kan benci har aka tashi.

Littafin ya tsaya, saboda shafin. Kamfani zai biya duk wanda aka mayar gida, da duk wanda ya kwanta, har kuɗin asibiti. An soke korarka. Amma sun ce ba za ka koma ba. Za a yi maka ritaya daga ƙarshen wannan wata, a biya ka kuɗin sallama cikakke. Fanshon shekara ashirin da biyar ne babu, saura wata huɗu. Sifeto ya yi iya yinsa, lauyansu ya riƙe Larabar nan bai saki ba.

Ban san yadda zan rubuta maka wannan ba. Da na iya zaɓen kalma ranar nan, da wataƙila ba mu zo nan ba.

Abu ɗaya kuma. Za mu buga sabuwar sanarwa ga duk masana'antu, na sa wani layi daga wasiƙarka ta farko. Ina so in sa sunanka a ƙasa, in ka yarda.

Jela.

*

Jela,

Muna lafiya. Ƙafar yayarka ta yi sauƙi, tana cewa don ta sami mai aike ne a gida.

Kada ka ɗora wa kalmarka abin da ba nata ba. Ko me ka rubuta ranar, da na sami abin jin haushi a ciki. Shekara arba'in nake karanta ka haka.

Amsata ta makara, na ga sanarwar an riga an manna ta. Na je karɓar takarduna na same ta a bakin ƙofa, daidai inda nake tsayawa. Wanda aka mayar gida don ya tsare lafiyar wasu, aiki ya tafi yi, ba hutu ba. A ƙasa hatimin ofishinku da sa hannunka. Na tsaya na karanta sau biyu. Ya yi kyau a buge. Wata ma'aikaciyar jinya aka ɗauka take riƙe da bindigar, ta ce, "Baba, matso in auna ka." Talatin da shida da rabi. Na yi dariya har ta tsorata. Manaja kuwa an mayar da shi babban reshe, an ce da mota.

Sunana ka bar shi. Wanda ya rubuta layin nan shi ya rubuta shafin Laraba, in za a sa suna sai a sa a duka biyun.

An sallami Mai Tukunya. Ya rame, in ya yi magana sai ya tsaya ya nemi numfashi, likita ya ce shi da tururin tukunya har abada. Na je gidansa, na zauna daga bakin ƙofa, na gaya masa komai. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ai na sani. Ranar idonka ja wur yake." Na ce, "Me ya hana ka magana?" Ya ce, "In an mayar da kai gida su kawo wani, wa ya san halinsa? Kai ko ba komai namu ne." Sai ya ce wa matarsa ta kawo shayi. Kofi biyu ta kawo.

Yanzu ga ni a gida, a tebur, ƙafata cikin silifa. Na ce wa yayarka ta ɗauke ni hoto ta tura wa maiɗakinka. Bambancinmu kaɗan ne, kai ana biyanka.

Ba zan ce maka ƙyashin ya tafi ba. Kamar sugan ne, ana dai lallaɓa shi. In an buɗe hanya ka zo da babban ɗan naka, a bar mini shi mako biyu in gyara masa rubutu.

Kuma ka karɓo mini littafina wurin sifeto. Ka manna shafin a inda yake, tsakanin Talata da Alhamis. Akwai sauran shafi goma sha ɗaya da ban taɓa ba.

Yayanka.